Inda Takalmi Ya Ƙare

Ruwan azahar bai daɗe da ɗaukewa ba, indararo na ta ɗiga, sai kururuwar Fatsuma ta tsaga garin Kwarin Gawo. Ba irin ihun da mace ke yi don ta ga maciji ba ne. Duk wanda ya ji ya san an yi rashi.

A lambun makarantar elemantare aka iske mijinta, Malam Halliru, kife tsakanin kunyoyin kuɓewa, ƙeyarsa a fashe. Kusa da shi ga sandar kiwo da jini a kanta. Kowa ya san sandar Yero ce, Bafillacen da shanunsa suka yi wa lambun ɓarna makon jiya. Ran nan Malam ya ƙwace ta a gaban mutane, ya jingine ta a jikin danga, ya ce ba za ta koma hannun mai ita ba sai ya zo ya ba da haƙuri. Wanda ya san Fulani ya san ƙwace wa makiyayi sanda ba ƙaramin cin fuska ba ne. Ga shi kuma Fatsuma na rantsuwa ta ga Yero da idonta yana tsallake danga a guje.

Cikin waɗanda suka fara isa wurin har da Labbo mai bin sawu, wanda hakimai daga Sabon Birni har Isa ke aika wa in ɓarayi sun kore shanu. Yana ganin sandar nan ya gane ta. Yero wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Abin takaici, ranar ta fara da daɗi. Malam Halliru zai aje aiki bana, shi ya sa huɗu daga yaransa na farko suka haɗa baki suka zo gaishe shi: Lawwali malamin asibiti a Isa, Na'Allah malamin gona a Sabon Birni, Ɗanmusa ɗan kasuwa mai kai kaya ƙasar Faransi, wajen Maraɗi, sai Labbo, wanda aka kamo daga ruga yana ƙarami aka tura boko, ya gama, ya koma daji abinsa. Ɗanmusa ya kawo wa kowa tsarabar takalmi sau-ciki daga Maraɗi, duk iri ɗaya, har da na Malam. Suka zauna a kan bencinan da yanzu sun yi musu kaɗan, suna ƙyalƙyala dariya, Labbo na tsine wa takalmin da ke cizon dugadugansa. Malam ya miƙe ya ce bari ya nuna musu tsufa bai ci kansa ba. Ya kira sunayen 'yan ajin farko da ka, na raye da na mace, su kuwa ƙattin banza suna amsa "Na'am, Malam!" kamar jiya aka yaye su. Da ya kai ƙarshe ya buga tebur ya ce, "Ko ɗaya ban bari ba!" Aka tafa. Bayan an ci tuwo ruwa ya sauko, da ya ɗauke kowa ya kama gabansa, wannan ya tafi gaida dangi, wancan ya tafi masauki.

Yanzu ga Malam ɗin nan kwance cikin laka.

"Ku dakata nan, don Allah!" in ji Labbo, yana tare mutane da hannu biyu. "Kada kowa shi taka."

Ina! Mutanen Kwarin Gawo in sun ga abin kallo ko saniya ta fi su jin magana. Kafin ya ankara sun tattake rabin lambun. Da ƙyar ya ceci gefen gabas. Ruwa ya share ƙasa tas, duk abin da ya taka bayan ruwan ya bar shaidarsa. Ga sawun Yero, faffaɗa mai faso, ya shigo daga burtali, hanyar shanu, a hankali, ya fita da gudu. Wannan ba musu. Amma ga wani sawun ƙafa daban, siriri, ya zo daga wajen bangon gidan Malam, kuma ƙafar dama yatsu huɗu gare ta.

Labbo ya fizge masaki, wata babbar ƙwarya, daga hannun wata mata ya kife a kan wanda ya fi fitowa. Ya bi sauran da baya da baya har gindin bangon. Nan ya tsaya cak. Sawun ƙafar a nan ya fara, ba daga ko'ina ya zo ba. Kuma a daidai wurin wani sawun ya ƙare: sawun sabon takalmi ya taho daga aji, ya zo gindin bango, shi ke nan, babu shi. Bango ne sumul, ba ƙofa, ba taga.

Wani tsoho da ya leƙo ta kafaɗarsa ya ja da baya yana salati. "Takalmin Malam na nan! Nan anka ɗauke shi sama anka jefa lambu!"

Kafin a kai Malam makwancinsa da la'asar sakaliya, labari ya gama gari cewa Yero na da abin da ke bin sa, wani mai yatsu tara da ke fitowa daga bango. Mata suka kwashe yara suka shige ɗaki tun rana ba ta faɗi ba.

* * *

A zauren Wakili, mai riƙe da garin, aka ɗaure Yero. Samari suka cika ƙofa da gora, wasu na cewa a je a sa wa rugar wuta. Labbo ya ratsa su ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, akwai mutum na biyu. Ƙafarshi yatsu huɗu. A duba ta Yero."

Wakili mutum ne mai son a gama magana kafin tuwo ya huce. Ya ce, "Laka ta ci yatsa guda, shi ne abin kawo mini? Sandarshi ce, sawunshi na wurin, matar mamaci ta gan shi. Na aika Isa. Gobe da azahar 'yan doka na zuwa, su kai shi Sakkwato, alƙali da Nasara su san yadda za su yi da shi." Ya dubi Labbo sama da ƙasa. "Kuma kai ƙanenshi ne. Ko sawun Iblis ka nuna mini, ba ni karɓa daga bakinka."

Kowa a zauren ya san abin da Sakkwato ke nufi ga wanda aka kama da kisan kai. Igiya ce.

Da aka bar shi ya matsa kusa da wansa, Labbo ya ce a hankali, "Hamma, gaya mini gaskiya."

Idon Yero ɗaya ya kumbura ya rufe. "Na zo in ba shi haƙuri in ɗauki sandata. Inna ta matsa mini. Na iske shi kwance, jini na zuba. Na san in anka gan ni wurin na mutu, sai na ruga." Ya rage murya. "Labbo, ba a taɓa rufe ni cikin ɗaki ba. Numfashina ba ya kaiwa."

Wannan mutumin da ya taɓa korar kura daga garke da sanda kaɗai, yau haƙoransa ne ke kaɗawa. Labbo ya fito daga zauren cike da tsoro na gaske.

* * *

Gari na wayewa ya nufi gidan Malam. Tunaninsa ɗaya: wanda sawunsa ya fara a gindin bango, daga kan bango ya diro, ke nan daga cikin gidan ya fito. Ya zaga ya duba. Ginin ƙasa ne da ya sha ruwa, ko ƙadangare ya hau sai ya bar alama. Ba ko ƙwarzane. Wannan hanya ta mutu.

Ya shiga ta ƙofar arewa ya durƙusa daga nesa. Fatsuma na zaune cikin mata, idanu sun yi jawur.

"Inna, Allah shi jiƙan Malam. Tambaya guda za ni yi. Da ya fita lambu, ta ina ya bi?"

"Ta ina za shi bi? Ƙofa guda gare mu. Ruwa na ɗaukewa ya ce za shi duba ko kuɓewarshi ta kwanta."

"Da sabon takalmin?"

"Wane sabon takalmi? Ya ce shina matse mishi yatsu. Ga shi can ƙarƙashin gado. Tsohon takalminshi faɗe ya sa."

Ta sa aka ɗauko. Ƙasan takalmin fes, ko turɓaya bai taɓa ba. Labbo ya juya shi a hannu. In ba Malam ne ya taka sawun nan daga aji ba, to takalmi irin wannan ƙafa huɗu ya rage a duk garin, ɗaya kuma a ƙafarsa yake.

* * *

A ajin aka yi wa baƙi shimfiɗa. Ya iske su ukun sun kewaye ƙwaryar kunu, suka matsa masa wuri. Kai, Allah kada ya haɗa ka da irin wannan zama! Mutanen da kuka sha bulala tare, kuka raba ɗanwake guda, ga ludayi na zagayawa daga hannu zuwa hannu, kai kuwa kana kallon hannayen kana tambayar kanka ko akwai wanda ya ɗaga sanda jiya. Da ludayin ya zo hannunsa, ya miƙa wa na kusa.

"Bayan ruwa, wa ya bi ta gindin bangon Malam?" ya tambaya, kamar ba komai ba.

"Mi za shi kai mutum can?" in ji Na'Allah. "Ni gidan gwaggona na tahi, ba ta nan, na dawo." Ba mai shaida ke nan, ga shi kuma ƙafarsa na cikin takalmi. Na'Allah ne kuma jiya ya ɗaga riga yana nuna tabon bulala, yana cewa da wasa har yau bai yafe ba. Da ya ga Labbo na kallonsa sai ya ajiye ludayi. "Kai Bafillace, kada ka dube ni haka. Wasa na yi jiya. Wallahi wasa na yi!"

Lawwali ya ce shi yana nan cikin aji yana barci. Amma a hannun rigarsa akwai ɗigon jini da bai fita da wanki ba.

"Ni na juya gawar, ka manta? Aikina ne," ya ce da zafi. "Ko so kake ka ɗora wa wani don ka fid da naka?"

Labbo ya dubi ƙafarsa. Safa ce har ƙwauri, kamar kullum, don Lawwali tun da ya shiga aikin asibiti yake ganin ƙafa tsirara ƙauyanci ce.

Ɗanmusa na jingine da bango, lulluɓe da bargo, shi ma da safa. Zazzaɓi ya kama shi tun daren jiya, in ji shi. Shi ya ba da likkafani, shi ya fi kowa kuka a maƙabarta. Ya ce, "Ku bar shi, ɗan'uwanshi ne ke ɗaure. Ni kasuwa na leƙa wajen masu fata. Labbo, ka bi mai yatsu taran nan, ka bar takalmi. Wa ya sani ko jiya da safe ɗayanmu ya taka wurin?"

"Ruwa ya share na safe," in ji Labbo.

Kowa ya janye hannunsa. Ƙwaryar kunun ta huce a tsakaninsu.

Labbo ya fito kansa ya ɗaure. A ce ɗayansu ya je gindin bango ya gana da mai yatsu tara. To ina sawun komawarsa? Mutum ba tsuntsu ba ne. Ya ratsa gari yana kallon ƙafafun mutane kamar mahaukaci, manoma, masu jaki, mahauta. Ya sami mai yatsu tara guda, wani tsohon makaho da bai iya kai kansa masallaci ba sai an ja shi. Rana kuwa sai hawa take yi, ba ruwanta.

* * *

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da ya koma aji. Abin da ya rage masa ɗaya ne, abin da yake yi in sawu ya gagare shi a daji: ya daina kallo, ya zama mai sawun. Ya tsaya a bakin aji, ya sa ƙafa gefen sawun farko, ya bi, taki bisa taki. Hanyar ta san shi. Nan suke bi da sassafe ɗauke da tulunan ruwan Malam. Ga tsamiyar da ake rataye ƙarfen ƙararrawa. Hankalinsa ya tafi wajen Yero, da igiya, da yadda zai kalli tsohuwarsu in ya koma ruga shi kaɗai.

Sanyin laka ne ya dawo da shi. Ya duba ƙasa. Ƙafarsa tsirara. Takalmansa na hannun hagu, kansa a sunkuye, yana daidai gindin bangon.

Ya ɗaga kai ya dubi bangon. Sannan ya kai hannu ya shafa ginin. Ƙarƙashin yaɓe, in ka san abin da kake nema, ga alamar dogaran ƙofa nan. Nan ƙofar zauren Malam take a zamaninsu. Nan yake zama a kan buzu da dorina a gefe, kuma duk yaron da ya kuskura ya gifta da takalmi a ƙafa, ko da na taya ne da ubansa ya yanka masa, ranar sai ya kwana rub da ciki. Shekarar da suka fita ambaliya ta ci zauren, aka toshe ƙofar aka buɗe wata ta arewa. Yaran da suka zo baya ba su ma san an yi ta ba. Shi kansa Labbo ya manta, ƙafarsa ce ba ta manta ba.

Ya auna tazarar takin takalmi da sanda, ya auna ta ƙafa. Ɗaya ce. Ba aljani, ba mutum biyu. Mutum ɗaya ne, ɗan ajin farko, ya taho zai yi kisa, ya tuɓe wa ƙofar da babu ita takalmi.

Amma wane? Ƙafafunsu na yara ya sani, dukansu da yatsu cikakku. Abin da duniya ta yi musu bayan rabuwa bai sani ba. Kuma ya san Wakili ba zai taɓa sa malaman En'e, ma'aikatan hukuma, da babban ɗan kasuwa su tuɓe takalmi da safa a bainar jama'a don ƙanen wanda ake tuhuma ya ce ba. Daga can hanyar Isa aka fara jin yara na ihun sun hango dawakin 'yan doka.

Ya ruga zauren Wakili.

"Ranka shi daɗe, na haƙura. Abu guda nike roƙo. Kafin a tahi da shi, mu yaran Malam mu yi wa Inna Fatsuma ta'aziyya tare, kai ka jagorance mu. A zo da Yero shi nemi gafararta."

Wakili ya ga ba abin da zai rasa, ga kuma dama a gan shi a gaba. Ya yarda.

* * *

Labbo ne ya zaɓi hanya. Maimakon su zaga ta arewa, ya ja su ta bakin aji, ta ƙarƙashin tsamiya. Rabin gari na biye, daga nesa, don ba mai son kusantar bangon nan. 'Yan doka biyu da jajayen huluna sun sauka, suna riƙe da igiyar Yero. Labbo ya tsaya kusa da Wakili, ya bar abokansa uku a gaba, ya raɗa masa, "Ranka shi daɗe, ka dubi ƙafafunsu, kada ka ce komi."

Labbo ya zuba musu ido. In ƙafarsa kaɗai ce mai wannan wauta fa? In duk suka wuce abinsu, shi ke nan, Yero ya tafi.

Lawwali da Na'Allah na gardama a kan wanda zai yi magana a madadin sauran. Suna isa gindin bangon, ba tare da gardamar ta tsaya ba, Na'Allah ya sa dugadugi ya zare takalmi ɗaya, ya zare ɗaya, ya sunkuya ya ɗauka. Lawwali ma haka, ya taka laka da farar safarsa, kai a sunkuye, yana ci gaba da cewa ai shi ne babba. Ɗanmusa ya ɗan yi turus, kafaɗarsa ta motsa, sannan ya miƙe wuya ya wuce da takalmansa ƙwas ƙwas ƙwas.

"Ku tsaya nan," in ji Labbo.

Suka juyo. Lawwali ya dubi takalman da ke hannunsa, ya dubi safarsa da ta ɓaci, ya dubi bango. "La ilaha illallahu. Tsohuwar ƙofa!"

"Don mi kunka tuɓe?" Wakili ya tambaya.

"Wallahi ban san na tuɓe ba," in ji Na'Allah.

Labbo ya ɗaga murya don na nesa su ji. Ya gaya musu ƙofar da ke wurin da, da dorinar da ke tsaronta. Tsofaffi suka fara gyaɗa kai, ai kuwa an yi ƙofa nan. Ya ce, "Ba abin da ya ɗauke Malam sama. Mutum ne ya zo da takalmi, ya tuɓe nan kamar yadda kunka ga waɗanga sun yi, ya wuce lambu. Ni ma ɗazu haka ta same ni. Duk ɗan ajin farko sai ya tuɓe, in dai bai tuna ba." Ya juya. "Ɗanmusa, kai ka tuna. Mi ya tuna maka?"

"Zazzaɓi nike yi. In taka laka?"

"Gaskiya ne. To zauna bisa dutsen nan inda ba laka. Na'Allah, ɗaga ƙafarka ta dama." Na'Allah ya ɗaga, yatsu biyar. Lawwali bai jira an ce masa ba, ya fizge safarsa ya yar, yatsu biyar. Labbo ya je ya buɗe masakin da ya kife jiya. Sawun na nan kamar yanzu aka taka.

Wannan karon Wakili bai yi maganar laka ba. Ya ce, "Ɗanmusa, tuɓe."

Ɗanmusa ya dubi jama'a, ya dubi 'yan doka, ya dubi hanyar burtali kamar mai auna nisa. Sannan ya zauna a kan dutsen. Ya zare takalmin, ya naɗe safar a hankali. Ƙaramin yatsan babu, sai tabo mai sheƙi.

"Raƙumi ya taka shi a hanyar Madawa," ya ce, kamar wani ya tambaye shi.

Mata suka sa salati. Fatsuma, da aka fito da ita bakin danga, ta dafe kai. "Kai? Kai da ka ba da likkafani? Mi ya yi maka?"

Ɗanmusa bai dube ta ba. Ya dubi Labbo ya ce, "Jiya da ya kira suna, ya ce ko ɗaya bai bari ba. Kun tafa mishi. Kai ma ka tafa. Ina Auta?"

Sunan ya faɗo wa Labbo kamar dutse. Auta, ƙanen Ɗanmusa, ɗan siriri mai in'ina. Gidansu na hayin gulbi. Wata damina ya makara, Malam ya zane shi har ya kasa zama, ya ce in ya ƙara makara sai ya ninka. Washegari gulbi ya kawo, manya suka ce a jira kwalekwale. Auta ya ji ƙararrawa daga hayi, ya faɗa ruwa. Sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa wajen Gatawa. Jiya an kira sunan duk wanda ya taɓa zama a ajin farko, ba a kira nasa ba, kuma cikin su huɗu mutum ɗaya ne ya lura. Kunya ta rufe Labbo.

"Ban zo da niyya ba," in ji Ɗanmusa. "Shekara da shekaru ina ce wa kaina shi ma abin na cin shi a rai. Shi ya sa na yafe, har na ɗauko mishi takalmi tun daga Maraɗi. Bayan ruwa na bi shi lambu, na ce, Malam, ka tsallake suna guda. Ya ce wane? Na ce Auta. Shina duƙe shina gyaran kuɓewa, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, wane Auta?" Ya share baki. "Sandar na jingine nan kusa. Da na dawo hankalina, sai na ga takalmana a hannun hagu. Ban san sa'ad da na tuɓe mishi su ba. Wannan ya fi komi ƙona mini rai."

"To Yero fa?" in ji Labbo. "Da ka bari sun rataye shi?"

Ɗanmusa ya sunkuyar da kai.

Babban ɗan dokan ya kwance igiyar daga hannun Yero. Yero bai yi godiya ba, bai yi zagi ba. Ya ja numfashi mai tsawo, ya dubi sararin sama, ya zauna daɓas a laka. Labbo ya durƙusa ya riƙe wuyan hannunsa inda igiya ta ci, yana jin jijiyar na bugawa. Samarin da jiya ke neman ƙona ruga suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa da gorarsa a bayan baya.

Da igiyar nan aka ɗaure Ɗanmusa. Ɗan doka ya tura masa takalmin da ƙafa ya ce ya sa, hanyar Isa da ƙaya. Aka zaga da shi lambu ya nuna inda ya tsaya da yadda ya fita ta cikin ciyawa, sannan aka juyo da shi ta hanyar da aka zo, wajen tsamiya inda dawaki ke ɗaure. Yana tafe kai a ƙasa, ba ya ganin kowa.

Daidai gindin bangon igiyar ta miƙe a hannun ɗan doka. Ɗanmusa ya tsaya. Hannayensa na ɗaure a baya, don haka da dugadugi ya zare na dama, ya zare na hagu, ya ɗan rusuna, ya wuce da ƙafa tsirara. Bai waiwayo ba, kuma Labbo ya tabbata bai san ya yi ba.

Takalman suka zauna nan gefe da gefe, suna fuskantar bango. Ba wanda ya yarda ya taɓa su. Labbo ne ya je ya ɗauka, ya bi bayan dawakin da su a hannu.